Aji Huɗu ko Aji Shida, Uwani

Aikin farko yau: kai Uwani gwajin korona na shiga jirgi. An yi. Sakamako sai gobe.

Setapak, Kuala Lumpur
Ƙarshen watan Agusta

Uwani 'yata,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Ina roƙonsa takardar nan ta same ki lafiya, ko a cikin jirgi kika buɗe ta, ko a gidan Gwaggonki Saratu a Jos lokacin da kike killace. Allah ya tsare hanyarki, ya tsare numfashinki daga wannan ciwo da ya kulle mu a ɗaki shekara ta biyu ke nan.

Ki yi haƙuri da layin da ke can sama. Hannuna ya saba fara kowace takarda da aikin safe, sai da na rubuta na tuna wasiƙa nake yi. Da Hausa kuma na rubuta, ko da yake kin fi jinta a kunne da karanta ta. Ki bi a hankali, ki karanta da ƙarfi. Abin da zan faɗa ba zai fito mini da Turanci ba.

Jibi za ki tashi, kuma har yanzu ba ki gaya wa kowa abin da kika zaɓa ba. Makarantar kwana ta Jos ta ce aji huɗu za ta sa ki, tare da yara 'yan shekara sha huɗu, ke kuwa kina shirin cika sha bakwai. Baba Markus, ƙanen babanki, ya ce a bar wannan, yana da makarantar da za ta sa ki aji shida kai tsaye, ki rubuta jarrabawar fita bana. Babanku ya ce ke za ki zaɓa. Ni ba a tambaye ni ba, kuma ban ga laifin kowa ba. Amma kafin ki zaɓa ina so ki san yadda aka yi muka zo nan, daga bakin wadda ta kawo mu.

Har yau ina tuna ranar da muka zauna gaban kwamfutar babanku don ganawa da shugabar makarantar Jos. Na goge miki riga. Na jera kwalayen littattafanmu a bayanki don shugabar makarantar ta gani. Ta gaishe mu, ta gyara tabarau, ta ɗaga takardar gwajin da kika rubuta.

"Madam, wa ya koyar da yarinyar nan?"

"Ni ce," na ce, har da murmushi.

"Turancinta ya fi na wasu malamaina. Maganar Allah kuwa ta ci duka. Amma lissafinta a aji biyu ya tsaya. Kimiyya ba ta ma fara ba." Sai ta juya gare ki. "Hannatu, a wane gari Neja da Binuwai suka haɗu?"

"Ban sani ba, Ma."

"To wane kogi kika sani?"

Kika shiga jero mata kogunan Amurka ɗaya bayan ɗaya, har da jihohin da suka ratsa. Ta fara dariya, ta ga fuskata, ta daina.

Da aka kashe kwamfutar babanku ya dube ni. "Maman Luka, ba ke kika ce tana aji na sha ɗaya ba?"

Na ce, "Haka aka rubuta a jikin kwalin."

Amsar da na ba shi ke nan, Uwani. Mace mai shekara arba'in da ɗoriya. Na ji kalmomin suna fita daga bakina kamar wata ce ke magana.

Kuskurena na farko a kan kwalayen nan ne. Da muka iso ƙasar nan kina 'yar shekara tara, makarantar gwamnati ba ta karɓi irinku ba, ta baƙi kuwa kuɗin karatun da ake ba babanku bai kai ko bakin ƙofarta ba. Sai matar fastonmu na lokacin, Ba'amurkiyar nan mai yawan dariya, ta ce za su koma gida, ga littattafan da ta koyar da 'ya'yanta da su, aji aji, kowane a kwalinsa. Kowane darasi da aya yake farawa. Na rungume su na yi kuka, na ce Allah ya amsa addu'a. Na yarda har gobe da zuciya ɗaya ta ba ni. Abin da ban yi ba shi ne tambaya. 'Ya'yanta Amurka za su koma. Nawa ina za su? Ban tambayi kaina ba ko sau ɗaya.

Alama ta zo, ban karanta ta ba. Kin tuna Satumbar da littafin malami ya ce a fita da yara su tsinto ganyaye ja da rawaya, wai bishiyoyi sun fara zubar da ganye? Na kwashe ku ke da ƙanenki Luka muka hau jirgin ƙasa zuwa tafkin Titiwangsa. Muka zagaya cikin zafi, gumi na zuba, ko'ina kore shar. Luka ya ce, "Mama, ganyayen nan ba a gaya musu Satumba ta zo ba." Muka yi dariya. Na dawo gida na sa ku kuka shafa wa koren ganye jan fenti, na manna a takarda, na ba ku maki cikakke. Yau da na tuna, dariyar ba ta zo ba.

Don haka 'yata, duk abin da aka miƙo miki, ko da hannun mutumin kirki ne, ko da aya ce a shafinsa na farko, ki yi godiya, sannan ki tambaya wa aka yi wa shi, kuma ina yake kai mutum. Tambaya ba rashin bangaskiya ba ce. Da na ɗauka haka ne.

Na biyu ya fi nauyi. Kowane kwali yana da littafin amsoshi. Da shi nake duba aikinki da jan biro. Muddin tarawa da rabawa ne, muna tafiya tare. Da haruffa suka fara shiga cikin lissafi sai na ɓata. Ina ganin amsa, ban san hanyar da aka bi aka kai gare ta ba. Kina tambayata, "Mama, me ya sa?" Ina cewa, "Haka littafin ya ce." In kika matsa, sai in rufe shafin in ce, "Wannan babin sai bayan hutu."

Hutun nan shi ya rufa mini asiri. Littafin malami ya ce a rufe makaranta daga Yuni zuwa Agusta saboda lokacin zafinsu na can, ni kuwa ban taɓa saɓa masa ba. A garin da kullum zafi ne, kullum ruwa da la'asar, muna hutun zafi. Yaran unguwa na wucewa da kayan makaranta, ku kuna kwance. Maƙwabciyarmu Maman Zainab har tsokanata take yi a lif: "Maman Luka, ku naku hutun ma daga Amurka ake aiko muku da shi?" Satumba na kamawa sai in yanka sabon kwali. Ƙanshin takarda, sababbin fensura, addu'ar buɗe shekara, babanku ya ɗauke ku hoto a bakin baranda. Tsohon kwalin ya hau saman kabad da babukan da muka tsallake a cikinsa. Ba wanda ya sake komawa. A makaranta wani malami zai karɓe ki ya ga ramin da na bari. A gidanmu ni ce malamar bara, ni ce ta bana, ni ce mai jarrabawa, ni ce mai ƙarin aji.

Shekaranjiya na sauko da tsofaffin kwalayenki na buɗe. Na san na tsallake wasu. Ban san yawansu ya kai haka ba. Shafi bayan shafi fari fat, ba ko ɗigon fensir. Na zauna a ƙasa na kasa tashi, har Luka ya zo ya tambaye ni ko zazzaɓi ne, ya ɗauko ma'aunin zafi.

In malami ya yi bayani ba ki gane ba, ki ɗaga hannu a ranar. Kada ki ce sai gobe, kada ki ce sai bayan hutu. Za su yi dariya, wataƙila. Ki ɗaga. Kalmomi uku ne, "ban gane ba", ni kuma na kasa faɗarsu gaban 'yar da na haifa.

Na uku, lokacin kulle. Da aka rufe makarantu, kowa ya koma koyar da 'ya'yansa a gida, sai kaina ya kumbura. Matan benenmu suna kirana a waya, Musulmi da Kirista: yaya ake zaunar da yaro, yaya ake raba lokaci? Ina ba da shawara, Uwani! Ina aika musu hoton jadawalinmu! In na tuna wannan sai in rufe fuska da zani ko ni kaɗai ce a ɗaki.

A cikin kwanakin nan Maman Zainab ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. An rufe kasuwar Chow Kit, ta kawo mana ɗan daddawa da kuka daga abin da ta ɓoye. Ta tsaya nesa da takunkuminta. Kin san malamar lissafi ce a Kano kafin ta biyo mijinta.

"Maman Luka, Zainab ta nuna mini wata tambaya da Uwani ta turo mata. Ki bar ta ta riƙa shiga darasinmu ta waya da yamma mana. Ba sai ta fito ba."

"Mun gode. Muna da tsarinmu."

"Na san kuna da tsari. Tambayar ce dai ta ɗan tsaya mini a rai."

"Za mu kai wurin bayan hutu."

Ta dube ni ta saman takunkumin. "To shi ke nan. Ƙofata dai a buɗe take."

Da babanku ya tambaye ni dalili, na ce ina tsoron a ruɗa miki bangaskiya. Ƙarya na yi, kuma da sunan Ubangiji na yi ta. Matar da take aiko mana naman Sallah, take karɓar cincin ɗinmu na Kirsimeti, ba ta taɓa ce miki uffan a kan addini ba. Tsorona kada ta buɗe littafinki ta ga fararen shafuka. Na zaɓi a ci gaba da kirana malama a bene, ke kuma ki rasa shekarar da za ta iya cike miki rabin ramin.

A inda za ki, taimako zai zo daga inda ba ki so. Wataƙila daga yarinyar da kika girme da shekara uku, wadda Turancinta zai ba ki dariya. Ki jawo kujera ki zauna kusa da ita. In kuma kin ƙi wani abu don girman kai, kada ki lulluɓe shi da sunan Allah. Ki kira shi da sunansa, ko a zuciyarki ne.

Na huɗu ke kika nuna mini shi. Ranar da muka gana da shugabar makarantar, da yamma na same ki a kicin kina wanke shinkafa. Na tsaya a bayanki na ce ban san abin ya kai haka ba. Ba ki juyo ba.

"Ni na sani, Mama."

"Tun yaushe?"

"Tun da kika fara cewa bayan hutu."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ba kya kallona in kina mini magana. Ta ina zan fara?"

Wannan ya fi maganar shugabar makaranta girgiza ni. Ke 'yar fari ce, kuma sunan uwar mijina gare ki. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta zama hira da shi a idon mutane. Haka uwata ta yi wa yayana, kuma bai rasa komai ba, domin gida cike yake da kakanni da gwaggonni masu jansa a jiki. Na ɗauko wannan kunya na hau da ita jirgi, na kawo ta ɗaki biyu da falo inda ba kaka, ba gwaggo, ba malama sai ni. Luka yana hawa cinyata ya ce bai gane ba. Ke kina gefen tebur kina juya fensir. Shekara nawa kina ɗauke da wannan ke kaɗai, kina rufa mini asiri? Ban ma san kina yi ba.

Ki riƙe kunya, tana da kyau. Amma in ta hana ki faɗin abin da ke cutar da ke, ki ajiye ta ki yi magana. Gwaggo Saratu tana da faɗa, amma tana ji.

Yanzu maganar Baba Markus. Kin ji shi da kunnenki, don babanku a lasifika ya sa wayar. "Yaya, ku daina wahalar da yarinya. Wurin mutumina ne, can cikin ƙauye, ba a faɗuwa. Bana ta rubuta, baɗi tana jami'a." Ba mugu ba ne, tausayinki yake ji. Babanku kuma ya gaji, kulle ya tsayar masa da bincikensa, kunyar 'yan uwa ta dame shi, shi ya sa bai ce a'a ba.

Na san irin makarantar da ba a faɗuwa, domin a irinta na gama. Ranar jarrabawar lissafi mai sa ido ya fita cin abinci, malaminmu ya shigo ya cika allo da amsoshi, muka kwafa. Takardata tana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, ta ce na ci lissafi da kyau. Ban taɓa gaya wa babanku ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da shekaru suka tafi ni kaina na yarda da ita. Ranar da matar fasto ta tambaye ni ko zan iya koyarwa har sakandare, na ce, "Ai na ci lissafi." Da gaske nake a lokacin. Takardar ba ta cuci hukumar jarrabawa ba, ba ta cuci malaminmu ba. Ta jira har na haife ki, sannan ta faɗo a kanki.

Ba zan ce miki aji huɗu zai yi daɗi ba. Sa'anninki su ne manya a makarantar, za su iya aikenki ɗebo ruwa. 'Yan ajinku za su sa miki suna, Anti ko Mama, ko 'yar Malesiya. Za ki ce "boleh" irin na mutanen nan a maimakon "to" ba ki sani ba, su yi ta maimaitawa har ƙarshen zango. Ga sanyin Jos da ba ki taɓa ji ba. Za ki kwanta a gadon sama ki tuna ni na jawo miki, ki ji haushina. Ki ji. Kina da dalili. Abin da nake roƙo kawai kada haushina ya tura ki wurin mutumin Baba Markus.

Kuma kada ki zubar da komai. Addu'ar safe da muke yi kafin a buɗe littafi gaskiya ce. Karatun da kike yi har ki manta da abinci, naki ne, ba kwali ya ba ki ba. Ban taɓa gaya miki ba: duk labarin da kika rubuta na karanta shi sau biyu, na biyun a ɓoye. Kina da kai, Hannatu. Ga shi na rubuta sunan, Kaka ta yafe mini.

Na tsaya a nan ɗazu, don kin shigo. Na kifa takardar a kan tebur. Kin dawo daga shagon masu shayi na ƙasa, wanda ake ce wa mamak, da shayi a leda, kin ajiye mini ɗaya, kin tsaya. Ina so in rubuta yadda aka yi kafin in fara shakkar kunnena.

"Mama, na kira Gwaggo."

Na ɗago kai, kika ci gaba.

"Aji huɗu. Na ce ta saya yunifom."

Na ce, "Allah ya yi miki albarka," muryata ba ta fita sosai ba. Kika ce, irin maganar mutanen nan, "Kada ki yi kuka lah, shayin zai huce." Na ɗauka kin gama. Sai kika nuna kwalin Luka na bana da ke jingine a bayan ƙofa, wanda zan yanka ranar Litinin.

"Amma ba za ki buɗe wancan ba sai Maman Zainab ta gwada shi. Ke za ki je, ba Baba ba. Ki kai mata na bara."

"Na bara akwai wuraren da..."

"Na sani. Shi ya sa."

Kika dube ni, na dube ki. Ban sunkuyar da kai ba, ko da yake wuyana ya so. Na ce to.

Ashe duk shawarar da na cika takarda da ita kin riga ni isa wurinta, ba tare da kin karanta ko layi ɗaya ba. Na yi tunanin in yaga. Na fasa, domin akwai abubuwa a ciki da ya kamata ki sani ko da ba ki bukatar shawarar, kuma wata rana a tsakiyar zango, in an yi miki dariya, wataƙila ki so ki sake dubawa.

Ubangiji ya kai ki lafiya ya sauke ki lafiya. Ya tsare ki a filin jirgi da kan hanyar Jos, ya tsare ki daga annoba da mugun abokin tafiya. Kada ki cire takunkumi sai za ki ci abinci. Ya ba ki malamai masu haƙuri, da ƙawa ko guda ɗaya mai tsoron Allah. Ki durƙusa ki gaida Kaka da kyau, ki gaida Gwaggo da yaranta, ki gaida Baba Markus ki yi masa godiya, kada ki nuna masa komai a fuska. Alherin Yesu Almasihu ya kasance tare da ke. Amin.

Ni ce mahaifiyarki,
Rifkatu

Na gobe, waɗanda ban gama ba:

Karɓo sakamakon gwaji, a buga shi a takarda.
Sake auna akwati, ya yi nauyi.
Maɓallin rigar sanyi.
Rubuta suna a zanin gado da tawul.
Babanku ya kira Baba Markus. In bai kira ba, ni.
Sauko da kwalin Luka na bara.
Ƙofar Maman Zainab, da safe, kafin in sami dalilin fasawa.